Kowa da Ƙwaryarsa: Me Ke Cikin Abin da Ake Sha?

  

Yau za mu taɓa wata magana wadda ake yi a kowane ƙauye namu, amma ba a cika zama a yi ta da natsuwa a gida ba. Maganar giya ce.

In ka zauna a gindin itace ranar kasuwa da yamma, za ka ji gardama. Dattijo manomi ya ce, "Ni burukutu kaɗai nake sha. Dawa ce, abinci ce. Kakana ya sha har ya ga jikokinsa." Ma'aikaci ya ce, "Ni ba na sa bakina a ƙwaryar da kowa ya sha. Kwalba ɗaya mai sanyi, a kamfani aka rufe ta, ba datti." Wanda ya yi zama a kudu ya ce, "Bammi daga jikin itace yake fitowa, ba wanda ya dafa shi." Saurayi ɗan acaɓa kuwa ya ce, "Tawa 'yar leda ce, ko cika baki ba ta yi. Don sanyin safiya nake sha."

Kowa da ƙwaryarsa, kowa kuma yana ganin ta maƙwabcinsa ce giya, tasa kuwa tana da hujja. To, wa ke da gaskiya? Bari mu buɗe tukunya da kwalba da leda, mu ga abin da ke ciki. Gama wanda bai san abin da yake haɗiya ba, ba shi da ikon cewa ya zaɓa.

Daga ina maye yake fitowa?

Duk abin sha mai sa maye daga zaƙi yake farawa. Akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ce da su yisti, irin wanda masu burodi suke sa wa ƙullu ya kumbura. Suna nan a iska, da bawon 'ya'yan itace, da cikin tsohuwar tukunya. Sa'ad da yisti ya sami ruwa mai zaƙi da ɗumi, sai ya cinye zaƙin ya fitar da abu biyu. Na fari iska ce, ita take sa kumfa. Na biyu wani ruwa ne wanda masana suke kira etanol, shi ne mai sa maye. A cikin wannan magana za mu riƙa ce masa tsantsar barasa.

Tsantsar barasar da ke cikin burukutu da wadda ke cikin kwalba mai tsada daga Faransa abu ɗaya ce. Baki yana jin bambancin ɗanɗano, aljihu yana jin bambancin kuɗi, amma hanta da ƙwaƙwalwa ba su san sunan kwalba ba.

Yisti yana da iyakarsa. In barasa ta kai wajen kashi 14 ko 15 cikin 100, sai ta kashe yistin da ya yi ta. Saboda haka giyar da ta zarce wannan ƙarfi nesa, dafa ta aka yi aka kama tururinta. Tsantsar barasa tana tafasa a ma'aunin zafi 78, ruwa kuwa sai ya kai 100. In an ɗora giya a wuta, barasa ce take fara tashi. A bi da tururin ta bututu cikin ruwan sanyi, sai ya ɗiga a kwalba fari fat kamar ruwa. Wannan ce hanyar gogoro.

Burukutu da fito

Yawancinmu mun ga yadda ake yin burukutu. Ana jiƙa dawa ta kwana a ruwa, a baza ta, a rufe da ganye, a riƙa yayyafa mata ruwa har kwana huɗu ko biyar ta tsiro. Wannan tsiro shi ne asirin aikin, domin shi yake juya garin ƙwayar ya zama zaƙi. Sai a shanya, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa na awoyi. A bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a bari ya huce, sa'an nan a zuba ragowar tsohuwar giya wadda ke ɗauke da yisti. Bayan kwana biyu sai ta nuna. Aikin duka yakan ci kusan mako guda, da itace mai yawa, da ƙarfin mace. Burukutu tana da kauri domin garin yana ciki. Fito kuwa ana tace shi, don haka ya fi tsinkewa.

Ƙarfin burukutu yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin 100, gwargwadon hannun mai dafawa da kwanakin da ta yi. Ba ta daɗewa. Kwana kaɗan sai ta yi tsami ta lalace.

Kada mu yi kamar ba mu san matsayinta a wurin kakanninmu ba. Kowane yare yana da sunanta: Ngas suna cewa mos, Tibi suna cewa tashi. Da ita ake kiran gayya, da ita ake aure da makoki da sulhu. Wani masani Ba'amurke mai suna Robert Netting ya zauna tare da mutanen Kofyar a duwatsun kudancin Filato a farkon shekarun 1960. A 1964 ya rubuta yadda giyar hatsi take zama kamar kuɗi a wurinsu: da ita ake biyan masu taya noma, da ita ake biyan tara.

Amma mu lura da abu ɗaya. A dā ana dafa giya don dalili, ana sha cikin jama'a a gaban manya, in tukunya ta ƙare kowa ya koma gida. Yau ana dafawa don sayarwa, gida wannan Litinin, gida wancan Talata, har mako ya zagayo. A waɗansu wurare ma masu sha suna tsiyaya gogoro a cikin ƙwarya domin ta ƙara ƙarfi. Mai cewa kakansa ya sha, ya tambayi kansa ko kakan nan ya sha kowace rana ta Allah.

Akwai abinci a burukutu? I, akwai ɗan kaɗan, tun da daga hatsi ta fito. Amma duk amfanin da ke cikinta yana cikin tuwo da kunu, har ya fi. Kuma tuwo yara ma suna ci.

Bammi

Bammi ruwan jikin itacen ƙwaƙwa ne ko na tukurwa. Sa'ad da aka sauko da shi da sassafe yana da zaƙi, barasarsa kaɗan ce. Amma yisti ya riga ya shiga gora tun yana kan itace, yana ta aikinsa. Kafin yamma ƙarfinsa ya kai na giyar kwalba, in ya kwana yakan wuce ta, daga nan sai ya juya ya zama tsami. Wanda ya saba da bammin safe ya sha na yamma da ƙwarya iri ɗaya, ya sha abu biyu dabam. Cewa daga itace ya fito ba ta canja komai. Dawa ma daga ƙasa ta fito, inabi kuma daga kuringa.

Giyar kwalba

Giyar kwalba baƙuwa ce idan aka gwada da burukutu. A 1949 aka fara yin Star a Legas. A 1962 Guinness ya kafa kamfani a Ikeja. A 1963 aka buɗe gidan yin giya a Kaduna. Daga nan ta bi titi da layin dogo ta shiga barikin soja, da sansanin haƙar kuza, da garuruwanmu, ta zama alamar mai albashi.

Ga wani abu da mai raina ƙwarya ya kamata ya sani. Ana yin giyar kwalba da tsiron sha'ir da ake sayowa daga waje. A 1988 gwamnatin soja ta hana shigo da shi, sai kamfanoni suka juya ga dawa da masara. Wato dawar nan ta gonarmu ita ce ta shiga kwalba, aka tace ta, aka sa mata takarda mai kyau. Gaskiya ne an fi tsabtace ta, kuma ƙarfinta ba ya canjawa daga kwalba zuwa kwalba. Ku duba jikin takardar za ku ga an rubuta: yawancinsu kashi 5 ne cikin 100 ko sama da haka kaɗan. Baƙar giya, wato sitawut irin Guinness, kashi 7.5 ce.

Ana cewa baƙar giya tana ƙara jini. Baƙinta daga gasasshen hatsi ne, ba ya da dangantaka da jini. Mai neman jini ya nemi wake, da ganye, da hanta, da ƙwai, ya kuma je asibiti a duba dalilin ƙarancin.

Gogoro, goskolo da 'yar leda

A nan ne ƙarfi ya yi tsalle. Gogoro takan kai kashi 30 zuwa 60 cikin 100. Giyar da kamfanoni suke ɗurawa a leda da ƙananan kwalabe, da masu ɗaci waɗanda ake cewa maganin ciwon baya ne ko basir, da yawansu suna tsakanin kashi 30 da 45.

Galibin kakanninmu na kan dutse ba su san irin wannan ba. Bayan yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka yi a birnin Burasels a 1890, Turawan mulki sun hana kawo barasa mai ƙarfi ta sayarwa zuwa Arewacin Nijeriya. Sai a shekarun 1930 sana'ar dafa gogoro ta bazu a kudu, daga baya ta hauro. Saboda haka hujjar al'ada ba ta rufe gogoro ko kaɗan.

Tana kuma da wani haɗari na dabam. Akwai wani ɗan'uwan etanol mai suna metanol, wanda ake amfani da shi a masana'antu. Kamanninsu ɗaya, warinsu kusan ɗaya, amma metanol dafi ne. Cokalin shayi biyu yana iya makantar da mutum, babban cokali biyu yana iya kashe shi. Marasa tsoron Allah suna zuba shi don giya ta yi yawa ta yi arha. A watan Afrilu na 2015 mutum aƙalla 18 suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo. A watan Yuni na wannan shekara kimanin mutum 70 suka mutu a Jihar Ribas bayan sun sha gogoro. Kada mu ce can kudu ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Goskolon da ake sayarwa a lungunan Jos da kewaye, mai saye bai san abin da aka haɗa a ciki ba, sau da yawa mai sayarwa ma bai sani ba.

In wani ya sha irin wannan, bayan rabin yini ko kwana ɗaya ya soma amai, da ciwon ciki, da ganin hazo-hazo, kada a ce maye ne zai wartsake. A kai shi asibiti nan da nan, a tafi da ragowar abin da ya sha.

Game da leda kuwa, hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da kamfanoni a ƙarshen 2018 cewa cikin shekara biyar za a daina ɗura barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. A watan Fabrairu na 2024 ta sanar da fara aiki da hanin, aka yi ta jayayya a kai. Dalilin hukumar shi ne, abin da yake da arha haka, yana kuma shiga aljihun wando, ɗan makaranta ma yana iya saye ya ɓoye.

Bari mu auna

Yanzu mu ajiye gardama mu ɗauki ma'auni. Lissafin ba wuya: yawan abin sha, a ɗauki kason da yake tsantsar barasa.

Babbar kwalbar giya tana ɗaukar mililita 600. A kashi 5 cikin 100, tsantsar barasarta mililita 30 ke nan. Babbar kwalbar baƙar giya, mililita 45. Ƙwaryar burukutu mai cin lita ɗaya, in ƙarfinta kashi 4 ne, mililita 40. Lita ɗaya ta bammin da ya kai kashi 5, mililita 50. Leda mai mililita 30, a kashi 40, mililita 12.

Kun ga abin da ya fito? Dattijon da ya ce abinci yake sha, ƙwaryarsa ɗaya ta fi kwalbar ma'aikaci. Mai bammi ya fi su duka. Saurayi kuwa, in ya tsotsi leda uku, ya wuce kwalba guda cikin haɗiya uku, a tsaye, da cikinsa wayam, sa'an nan ya hau babur ya ɗauki matar wani da jaririnta.

Hantar babban mutum mai lafiya tana iya kawar da kamar mililita 10 na tsantsar barasa a awa ɗaya. Ba abin da yake sa ta yi sauri. Wanka da ruwan sanyi, ko shayi mai kauri, ko romon barkono, suna iya buɗe ido, amma barasar tana nan a jini. Wanda ya sha ƙwarya uku daga ƙarfe shida na yamma ya ba hantarsa aikin awa 12. Har asuba ba ta gama ba.

Abin da take yi a jiki

Barasa tana shiga jini ta ciki da hanji, cikin mintoci ta isa ƙwaƙwalwa. Wurin da take fara kwantarwa shi ne wanda yake ce wa mutum, "Dakata, kada ka faɗi haka, kada ka yi haka." Shi ya sa mai kunya yakan zama mai surutu, mai haƙuri ya ɗaga hannu a kan matarsa. Ɗumin da ake ji kuwa ruɗi ne: jini ne yake tasowa fata, jiki kuma yana zubar da zafinsa. Mai maye da ya kwana a waje cikin hunturun Filato yana cikin haɗari fiye da wanda bai sha ba.

In an daɗe ana sha, hanta takan yi kitse, ta kumbura, daga baya ta ƙandare. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, da yawa kuwa ba su sani ba. Mai wannan ƙwaya in yana sha, yana hura wuta ne a ɗakin da ya riga ya kama. Sau nawa muka binne mutum da kumburarren ciki da idanu rawaya, aka ce sammu ne, aka zargi tsohuwa marar laifi?

Giya tana tayar da hawan jini. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, kamar na baki da maƙogwaro da hanta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2019 giya ta jawo mutuwar mutum miliyan 2.6, miliyan 2 daga ciki maza ne. A Janairun 2023 hukumar ta bayyana cewa ba wani ma'aunin sha da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya ko kaɗan.

Mace mai ciki in ta sha, ɗan da ke ciki ya sha tare da ita, kuma lahanin da take yi wa ƙwaƙwalwarsa ba ya warkewa. Mai shayarwa in ta sha, barasa tana fita a nono. Bammi da burukutu ba sa kawo ruwan nono. Abinci da ruwa da yawan ba jariri mama su suke kawo shi.

Me ya sa kowa yake son tasa?

In mun duba da kyau, ba harshe kaɗai yake zaɓa ba. Manomi yana son burukutu domin a nan abokansa suke, a nan ake jin labarin gari, a nan ake ba da bashi. Ma'aikaci yana son kwalba domin ta nuna ya yi gaba. Saurayi yana son leda domin ita kuɗinsa suke iya saye, kuma tana aiki da sauri. Wani kuma baƙin ciki yake gudu: an kore shi daga gonarsa, ko ya rasa ɗa, ko ya gama makaranta ba aiki. Ba wanda ya ɗanɗani gogoro ran fari ya ce tana da daɗi. Koyo ake yi, jiki kuma ya saba, har abin da ya isa bara ya kasa bana. Sa'ad da mutum ya kai nan, abin da yake kira zaɓinsa ya riga ya zama ubangidansa.

Me Littafi Mai Tsarki ya nuna?

Dole mu faɗi gaskiya duka, kada mu ɗauki rabi. Littafi Mai Tsarki ya san ruwan inabi. Zabura 104 ta lasafta shi cikin albarkun ƙasa. Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a bikin Kana, a Yahaya sura 2. Bulus ya shawarci Timoti ya yi amfani da kaɗan saboda ciwon cikinsa. A Ibrananci akwai kalma biyu: yayin, wato ruwan inabi, da shekar, wanda masana da yawa suke gani daga hatsi ko dabino ake yinsa, kusa da burukutu ke nan. Amma a zamanin nan ba a san dafa giya a kama tururi don sha ba, kuma a zamanin Sabon Alkawari an saba surka ruwan inabi da ruwa. Ba ayar da mai gogoro zai fake a bayanta.

Littafin nan kuma bai ɓoye ɓarnar ba. Nuhu, wanda ya tsira daga ruwan tsufana, ya bugu ya kwanta tsirara, abin ya jawo la'ana cikin zuriyarsa, a Farawa sura 9. A sura 19 an shayar da Lutu har bai san abin kunyar da ya faru ba. Belshazzar yana cikin shagalin sha a daren da mulkinsa ya faɗi. Karin Magana sura 23 ta zana mashayi sarai, da raunukan da bai san inda ya samo ba, da yadda yake farkawa ya sake nema. Galatiyawa sura 5 ta sa buguwa cikin ayyukan jiki, Afisawa sura 5 ta hana ta.

Akwai kuma waɗanda suka bari gaba ɗaya aka yaba musu: firistoci a lokacin hidima, keɓaɓɓu na Littafin Ƙidaya sura 6, Rekabawa na Irmiya sura 35, da Yahaya Maibaftisma.

Ikkilisiyoyi da yawa a ƙasarmu sun hana 'ya'yansu sha sam, waɗansu kuma buguwa suka hana. Kowa ya girmama alkawarin da ya ɗauka a ikkilisiyarsa. Amma Bulus ya ba mu duka tambaya biyu da suka fi gardamar sunan giya nauyi. A 1 Korantiyawa sura 6 ya nuna bai yarda wani abu ya mallake shi ba, ko da an halatta masa. A Romawa sura 14 ya nuna gara mutum ya bar abin da yake da 'yancin ci ko sha, in zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe. To, abin nan ya mallake ni? Wa yake kallona, wa kuma yake biyan kuɗin shan nawa?

A tambayi rumbu

Ana cewa, "Kuɗina ne, bakina ne." Bari mu tambayi rumbu. In maigida yana shan kuɗin mudu ɗaya na dawa kowace rana, a shekara ya sha mudu 365. Ku lasafta buhu nawa ke nan da mudun kasuwarku, ku gwada da kuɗin makarantar yaro ɗaya, ko taki na damina ɗaya. A watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, yara ne suke biyan bashin ƙwaryar da aka sha da rani. Uwargida ta san wannan lissafi tun kafin mu faɗa.

Muna kuma da magana ga iyayenmu mata masu dafawa. Da yawa a cikinmu da kuɗin tukunyar burukutu aka biya mana makaranta, ba za mu raina hannun da ya ɗauke mu ba. Gwauruwa mai yara biyar ba don sha'awa take kwana a bakin wuta ba. In ikkilisiya ta ce mata ta bari, wajibi ne ikkilisiya ta tsaya tare da ita har ta sami abin yi. Hannun da ya iya tsiron dawa ya iya kunun zaƙi, da zoɓo, da masa. Zumuntar mata tana da adashi, a fara da ita.

To, me za mu yi?

Wanda bai fara ba, kada ya fara. Ba abin da ya rasa.

Wanda yake sha yana cewa ya fi ƙarfinta, ya gwada kansa da gaskiya. Ya taɓa cewa ɗaya zai sha ya ƙare da huɗu? Yana jin haushi in an yi masa magana? Yana ɓoye wa matarsa yawan abin da ya sha? Hannunsa yana rawa da safe sai ya kurɓa? In amsar ɗaya ma I ce, lokacin neman taimako ya yi.

Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba yakan yi rawa, da zufa, da gane-gane, har da farfaɗiya, wani lokaci abin yakan kai ga mutuwa. Ya je asibiti ya faɗa wa likita gaskiya, akwai maganin da yake sauƙaƙa kwanakin farko. A nan kuma ya roƙa a gwada masa hanta. Addu'a da asibiti ba sa faɗa da juna.

Mu iyaye, kada mu aiki yaro sayen giya, kada mu ɗanɗana wa jariri don ya yi barci. Mai gayya ya dafa abinci da kunu mai kyau, ya ga ko gona ba za ta nomu ba. Mai biki da mai makoki kada su ci bashi don a ce sun shayar.

Mu 'yan ikkilisiya kuma, in ɗan'uwa ya bar gindin itacen nan, ya bar abokansa ke nan da wurin hirarsa. In ya zo majami'a aka matsa aka bar masa benci shi kaɗai, ina zai koma? Mu ziyarce shi da yamma, a daidai lokacin da ƙafarsa ta saba tafiya. In ya faɗi, mu ɗaga shi, ko sau nawa ne. Matarsa da 'ya'yansa ma suna bukatar mai zuwa gaishe su, in kuwa akwai dūka a gidan, dattawa kada su yi shiru.

A daren nan, bayan an ci tuwo, maigida da uwargida su zauna su yi lissafin nan tare, ba da faɗa ba. Ubangiji ya ba mu hikima da ƙarfin hali, ya kiyaye gidajenmu. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.